Kitsen Tsohuwar Talotalo a Gidan Ang

A-Siok ba ta yi nisa a makaranta ba, amma babban yatsanta na dama ya yi karatu mai zurfi. Tun tana 'yar shekara tara, a gonar mahaifinta da ke bayan garin Chiayi, in ta cafko talotalo ta maƙale shi a hammata, ta zura yatsan nan ƙarƙashin fiffike ta gangara zuwa ciki, za ta faɗa maka watanninsa, ta faɗa maka irin kitsen da ke kwance a jikinsa tun ba a sa masa wuƙa ba. Mahaifinta, Lua, yakan ce da namiji ce da ita za ta gaji gonar. Wannan shi ne yabo mafi girma da ta samu a gidansu, kuma ko a lokacin ta san rabin yabo ne.

Masu shagunan shinkafa da talotalo na cikin gari duk namiji suke nema. Ya fi girma, ya fi tsoka, ƙirjinsa kaɗai sai ya rufe kwanuka masu yawa. Su zo a kan babur, su zagaya garken suna nuna manyan nan masu baza wutsiya, a ɗaure musu su tafi. Tsofaffin matan kuwa, waɗanda suka shekara biyu suna ƙwai har suka gaji, ko kallo ba su ishe su ba.

Mutum ɗaya ce ke zuwa dominsu. Kowace Talata da Juma'a, da sassafe, wata doguwar mata mai malafa takan iso a kan keke, ta bi ta ƙofar baya. Sunanta Kim-ki, matar Ang Tiong-gi mai shagon da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Kowa a Chiayi ya san shagon, ya kuma san allon da ke rataye a samansa, wanda aka rubuta da jan fenti: NAMIJI ZALLA.

Wata safiya Lua ya nuna wa matar wata ƙosasshiyar talotalo, sai yarinyar ta sa baki.

"Waccan ba ta kai ba, Goggo. Wata takwas gare ta. Kitsenta fari ne, ruwa-ruwa, in an narka shi gudu zai yi ya kwanta a gindin kwano. Ga wannan, ta haura shekara biyu. Nata rawaya ne, shi ke kama shinkafa."

Kim-ki ta daɗe tana kallonta.

"'Yar Lua, kin iya riƙe baki kamar yadda kika iya riƙe tsuntsu?"

"Na iya."

"To, ba ki taɓa ganina a nan ba."

A nan gonar ake yanka tsofaffin. Lua ya riƙe naman, Kim-ki ta naɗe kitsen a ganyen ayaba, ta cusa a ƙasan kwando, ta ɗora kayan miya a kai. Bayan shekara goma sha ɗaya, ita da kanta ta zo nema wa ɗanta Bun-hiong auren yarinyar. A-Siok ta riga ta ga saurayin sau biyu a kasuwa, dariyarsa ta yi mata, ta ce ta yarda. Sai dai ba ta yaudari kanta ba. Ta san uwar ta ga fuskarta, amma yatsan ta zo aura.

A shagon gidan Ang kowa da gurbinsa. Tsoho Ang a gaba yake tsayawa, yana yanka ƙirjin talotalo siri-siri yana yi wa titi wa'azi. "A nan ba ma yanka mace! Mace ƙwai ya tsotse ta. Namiji, shi ne nama!" Bun-hiong na kan tukunyar shinkafa. Kim-ki kuwa ita ke da mai. A gida take narka kitse, a bayan ɗaki, ƙofa a rufe, ta soya ƙananan jajayen albasa a ciki, ta kawo tukunyar shago. Duk kwanon da zai fita sai ya bi ta gabanta, ta kwarara masa ludayi guda. Wanda ya san abincin nan ya san naman ado ne, ludayin nan shi ne abincin.

A-Siok aka ba wankin kwanuka. Shekara ashirin da ɗaya tana tsugune a bakin famfo, in ban da safiyar Talata da ta Juma'a, da take zuwa "gaida iyaye". Tsoho Ang har yabonta yake a gaban mutane, wai bai taɓa ganin yarinya mai zumunci irin surukarsa ba.

Sau ɗaya ta tambayi uwar mijin dalilin ɓoyon. A-bu take kiranta, wato uwa, uban mijin kuma A-pa, wato uba. Suna bayan ɗaki, kitse na narkewa a ƙaramar wuta.

"A-bu, me zai faru in A-pa ya sani?"

Kim-ki ta juya tukunya, ta yi ajiyar zuciya. "Ranar da muka buɗe shagon nan ba mu da komai sai allon can, shi ya rubuta da hannunsa. Watan farko, ba wanda ya ci ya dawo. Sai na gwada kitsen wata tsohuwa da maƙwabciya ta ba ni. Kafin mako ya ƙare layi ya kai bakin titi. Ya dawo gida yana tsalle kamar yaro, yana cewa, 'Kin gani? Na faɗa miki namiji ne!' In ke ce, a ranar za ki faɗa masa? Na ce sai gobe. Ga mu nan har yau." Ta nuna ta da ludayi. "Ki yi min alkawari ba zai ji ba."

A-Siok ta yi alkawari.

A-Siok na da shekara arba'in da ɗaya lokacin da Kim-ki ta faɗi a bakin tukunya, ba ta ƙara magana ba, kwana uku ta rasu. Bayan an gama zaman makoki tsoho Ang ya ɗauki ludayin ya miƙa wa ɗansa, don a ganinsa ba wani gadon da ya fi wannan dacewa da ɗa namiji. Bun-hiong mutum ne mai son tsari. Ya ce ba dalilin wahalar ɗauko tukunya daga gida, ya mayar da narka kitse cikin shago, a idon kowa. Da me zai narka? Da abin da allo ya ce, mana: kitsen samarin talotalo 'yan wata shida, waɗanda ake yankawa don nama. Yayan A-Siok, wanda ya gaji gonar, da ma don Kim-ki kaɗai yake riƙe da tsofaffin matan. Da ya ga an daina zuwa, ya sayar da garken ya shuka abarba.

Wanda ya fara magana shi ne Kho, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ya shekara talatin yana cin abincin rana a kujera guda. Ya ci loma huɗu, ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, ya karkata kwanon. Man ya taru a gindi, shinkafar kuwa fara sol a sama.

"Bun-hiong, wanka ka yi wa shinkafar nan da ruwan ɗumi?"

"Kawu Kho, ai yadda A-bu ke yi nake yi."

"To, ita nata man yana zama. Naka sauri yake, kamar zai shiga jirgin ƙarfe biyu."

Ya tashi ya bar rabin kwano. Bai taɓa yin haka ba.

Daga nan Bun-hiong ya shiga neman mai laifi, kuma ba inda bai leƙa ba sai inda laifin yake. Ya sauya shinkafa. Ya sauya ruwan waken soya, ya yi faɗa da mai kawo albasa, ya sayi sabon murhu. Da abin ya ƙi, ya ɗauko wani masanin mazaunin ƙofofi, irin masu duba inda sa'ar gida take, wanda ya zagaya shagon da faifan awonsa, ya ce murhun na kallon inda bai kamata ba. Aka juya murhu, aka rataya madubi a bango. Madubin dai ya yi aikinsa, don yanzu kujerun da ba kowa sun zama ninki biyu.

Duk wannan a idon A-Siok. Ba wanda ya san halin shagon abinci kamar mai wanke kwanuka. Da can kwano kan dawo mata a share, ko ƙwayar shinkafa babu. Yanzu kowanne da saura, da ɗan tafkin mai a gindi, tana kwashewa tana zubawa a bokiti, zuciyarta na ƙuna. Haushi take ji ƙwarai, haushin mijinta, haushin surukinta, har da na marigayiyar da ta ɗaure mata baki ta tafi abinta. Wata rana ta kasa daurewa, ta ce da mijin a hankali:

"Maigida, ko za a gwada kitsen mace?"

Ya juyo da ludayi a hannu. "Fita waje ki karanta allon can. So kike mu ɓata sunan da uwata ta shekara talatin da takwas tana karewa? Ke dai ki ji da kwanukanki."

Ta koma bakin famfo. Me za ta ce? In ta ƙara kalma ɗaya, ta karya alkawari.

Tsoho Ang ya daina cin abincin shagon. Kunun shinkafa yake sha a gida, ya rame, ya daina wa'azin bakin titi. Da wata goma sha ɗaya suka cika da rasuwar Kim-ki ya kira ɗansa da surukarsa.

"Hannun Kim-ki ya bi ta," in ji shi. "Ba zan zauna ina kallo ana barin shinkafa a kwanon gidan Ang ba. Ranar da ta cika shekara, in mun gama ba ta abincinta, a sauke allon. A rufe."

Bun-hiong ya sunkuyar da kai yana hawaye. A-Siok kuwa wani abu ne ya faɗo mata a rai. Abincin cikar shekara, wanda ake jerawa a gaban hoton mamaci kafin iyali su ci, ba a shago ake dafa shi ba, kuma ba ɗa ke dafawa ba. Aikin matar ɗa ne, a gida.

Saura kwana tara, da safe, bayan mazan sun fita, ta tsaya a gaban teburin kakanni. Ta kunna turare, ta ɗauki 'yan itatuwan nan biyu masu siffar jinjirin wata da ake tambayar mamata da su. In ɗaya ya faɗi a kife ɗaya a buɗe, an yarda. In duka a kife, an ƙi. In duka a buɗe, dariya ake maka.

"A-bu, alkawarin nan zai rufe miki shago. Ki sake ni."

Ta jefa. Duka biyun suka faɗi a buɗe.

"Dariya ma kike yi? To, ni ke kwashe shinkafar ina zubarwa, ba ke ba. Ina ƙara tambayarki, ki sake ni."

Ta sake jefawa. Ɗaya a kife, ɗaya a buɗe. Ta maimaita har sau uku don kada a ce ta yi son kai, duk amsa ɗaya. Ta ɗaura malafa ta hau babur.

Ashe samun tsohuwar talotalo ya zama aiki. Zamani ya sauya, masu kiwo ba sa barin tsuntsu ya wuce wata bakwai yana cin abinci a banza. Kwana huɗu tana yawo daga gona zuwa gona. Wani ya fito mata da 'yan mata ƙosassu, ya rantse sun shekara. Ta zura yatsa ƙarƙashin fiffike, ta mayar masa da abarsa.

"Wata bakwai. Kada ka ƙara mata shekaru, ba aure za ta yi ba."

A rana ta biyar, a gindin duwatsu, ta samu wani dattijo mai ƙyanƙyasar 'ya'yan talotalo, wanda ke da tsofaffin uwaye wajen arba'in da suka daina ƙwai. Da ya ji abin da take so sai ya fashe da dariya.

"Waɗannan? Baiwar Allah, naman nan ko kwana biyu kika dafa sai ya cire miki haƙori."

"Ba naman nake so ba."

Ta shiga cikinsu ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta tsufa har ta bushe, ta sake ta. Wadda ba ta kai ba, ta sake ta. Cikin arba'in ɗin, uku kawai ta ɗauka. Dattijon ya daina dariya tun a ta goma, ya tsaya yana kallon yatsan nan.

Ranar cikar shekara ta rufe ƙofar bayan ɗaki. Ta yanka kitsen ƙanana, rawaya kamar gwaiduwa, ta ɗora a ƙaramar wuta, ba ta gaggauta ba. Da man ya tsarkaka ta zuba albasa. Ƙamshin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya ratsa tsakar gida, ya shiga falo inda tsoho Ang ke zaune da Kho, wanda aka gayyata a matsayin tsohon aminin gida. Hirarsu ta tsaya cak. Tsohon ya ɗaga kai yana kallon ƙofar bayan ɗakin, kamar mai jiran wata ta fito.

Aka jera abinci a gaban hoton, aka kunna turare, aka jira. Da turaren ya ci rabi, tsoho Ang ya jefa itatuwan ya tambayi matarsa ko ta ƙoshi. Jifa ɗaya ta amsa. Aka sauko da kwanuka.

Ya ɗauki nasa don kada a ce bai taɓa ba. Ya cuɗa shinkafar da tsinke, ya ga kowace ƙwaya tana sheƙi. Ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali. Daga nan bai ƙara ɗaga kai ba, sai da ya kafa kwanon a baki ya share shi tas. Ya karkata shi yana duba gindin, ba ɗigon mai ko ɗaya. Ya miƙa wa A-Siok.

"Ƙaro."

Ya cinye na biyu. Kho ma yana kan na biyu, yana ci yana share ido da bayan hannu. Sai tsohon ya ajiye tsinke.

"A-Siok, wa ya koya miki?"

"A-bu."

"Me ke ciki?"

Ta dubi hoton, ta dubi surukinta.

"Kitsen mace ne, A-pa. Tsohuwa, mai shekara biyu da rabi."

Bun-hiong ya miƙe zumbur. "Kin haukace? A gaban hoton uwata za ki..."

"Zauna," in ji uban, ba tare da ya kalle shi ba. "Tun yaushe?"

"Tun watanku na biyu da buɗe shago. Daga baya a gonarmu take saye, Talata da Juma'a. Ni ke zaɓar mata tun ina shekara tara."

"Gaida iyaye," in ji tsohon a hankali.

"Ina gaishe su kuma, A-pa."

A-Siok ta ga kunnuwan tsohon sun yi ja, ta ce a ranta shi ke nan, ta ceci shinkafa ta kashe mutum. Ya tashi da ƙyar, ya je gaban hoton, ya nuna shi da yatsa.

"Kim-ki! Shekara talatin da takwas ina tsaye a bakin titi ina ihu, mace ƙwai ya tsotse ta, ke kuma kina bayana da ludayi kina jina? Ko tari ba ki taɓa yi ba?"

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Suka zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda rabonsa da ita tun kafin rasuwar. Ya yi ta yi har ya dafa tebur, daga baya kukan ma ya zo, suka haɗu.

"Ni fa na daɗe ina mamaki," in ji Kho, yana miƙa kwano a karo na uku. "Mutum mai surutu irinka a ce shi ya iya abinci haka."

Da la'asar aka sauke allon, kamar yadda tsohon ya ce. Maƙwabta suka fito suna jajantawa. Shi kuwa ya sa aka kwantar da shi a kan teburin shago, ya shafe shi da farin fenti, ya zauna yana jira ya bushe. Sannan ya tsoma buroshi a ja, ya rubuta: NAMAN NAMIJI, KITSEN TSOHUWA. Da ya gama ya shiga ciki, ya zare ludayin daga inda Bun-hiong ya rataye shi, ya riƙe da hannu biyu ya miƙa wa A-Siok a gaban duk mutanen titin.

"Wannan tun bara naki ne. Ni ne ban iya karatu ba."

Ta karɓa da hannu biyu. Daɗi ya kama ta har ta rasa abin faɗa, ita da ta shekara talatin da uku tana riƙe da magana.

Wasu shagunan sun karanta sabon allon, suka ruga suka sayo matan talotalo, kowace iri, 'yan wata bakwai da busassu, suka narka, suka ce ƙarya ne. A-Siok ba ta taɓa ɓoye musu komai ba. Duk wanda ya tambaya takan ce ya je ya koyi taɓa tsuntsu, in ya shekara goma ya dawo su yi magana. Yau ta haura sittin, har yanzu ita ke hawa babur zuwa gona Talata da Juma'a, kuma ta ƙofar gaba take shiga.

Amma ranar da ta fi tunawa ita ce washegarin rataye allon. Tana tsaye a gurbin Kim-ki, layi ya fara tsawo, Kho ya gama ya tashi. Wani ne ya kamata ya wanke kwanuka, kuma mutum ɗaya ne a gidan aka karɓe wa aikinsa. Bun-hiong ya naɗe hannun riga ya tsuguna a bakin famfo, yana ƙunƙuni. Can sai ta ji ya kira ta.

"A-Siok. Duba nan."

Ta waiwaya. Ya ɗaga kwanon Kho sama, ya kife shi, ya girgiza. Ko ƙwayar shinkafa ɗaya ba ta faɗo ba.